Keken Tamfol da Rumfar Suna

Ƙarar karyewar allura ba ta da yawa. Ƙas kawai za ka ji, sai keke ya tsaya, sai Mma ta ja tsaki. A daminar da na shiga ƙaramar sakandare na ji wannan ƙarar har na daina ɗaga kai daga littafi. Aikina shi ne in bi siminti da maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar rediyo, in tsince guntayen kafin wani ya taka.

Mma, mahaifiyata, tela ce. A ɗakinmu na haya a unguwar Nima take ɗinki, bakin taga, da baƙin keken ƙafa wanda mahaifiyarta ta saya mata cikin kayan aure. Da shi ta ɗinka rigunan makarantata, da shi ta ɗinka ankon rabin matan lungunmu. Amma aiki ya yi ta ja baya. Mata sun koma sayen abaya ɗinkakkiya da kayan gwanjo, abin da ake kawo mata bai wuce rage tsawo da sauya zif ba. Wani lokaci sai ta wuni tana goge keken da babu ƙura a jikinsa.

Kawu, autan su Mma, hayar rumfuna da kujeru yake bayarwa. A unguwarmu ba a yin taro a cikin gida, don babu gidan da zai ɗauki mutane. Titi ake tarewa, a kafa ƙarafa, a ja rufi a sama. Rufin Kawu na leda ne, iskar damina kuma ta yayyaga shi. Sai ya je kasuwar Agbogbloshie ya sayo tsohon tamfol na motocin albasa, irin mai kaurin nan na auduga, ya sa aka jibge shi a ƙofar ɗakinmu. Kafin la'asar gidan duka ya ɗauki warin albasa.

A tsakar gida ya yi maganar, gaban matan gidan.

"Yaya, za ki iya yanka mini shi ki ɗinke, ko in kai wa mutanen Sabon Zongo?"

"Ka taɓa kawo mini abin da na kasa, Auta?"

"Wannan fa ba leshi ba ne."

"Na ga ba leshi ba ne. Hancina ma ya gani."

Hajiya mai gidan tana kankare ƙanzon tukunyar shinkafa da wake da take sayarwa kowace safiya. Ba ta juyo ba ta ce, "Surukata ta kusa sauka. A ƙarƙashin wannan abin za a yi suna ke nan. To ku sani malamai zan tara, ba na son ruwa ya taɓa rawanin kowa."

"Ba zai taɓa ba, Hajiya," in ji Mma.

Daga ranar allurai suka fara karyewa. Falle ɗaya keken yakan daure ya wuce, yana nishi. Da an ninka bakin tamfol ɗin, ko an zo kusurwa inda ake haɗa shi da igiyar ɗauri, sai ƙas. Mma ta sayo manyan allurai, ta shafa wa zare sabulu, ta bubbuga ninkin da taɓarya don ya kwanta. Duk a banza. Ta daina iya zama wuri ɗaya. Ta zauna kan keke, ta tashi ta leƙa ƙofa, ta dawo ta ɗaga murfin tukunyar da ba ta ɗora ba. Idan surukar Hajiya ta ratsa tsakar gida tana dafe da ƙugu, sai Mma ta bi cikinta da ido kamar mai duba agogo.

Akwai keken da aka yi don irin wannan aikin, mai inji, kowa ya sani. Abin da Mma ta kwasa a adashi ba zai saye shi ba sai an haɗa da tsohon kekenta. Baba yana kan hanyar arewa da motar doya, ta waya suka yi maganar. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Ki yi abin da kika ga ya dace. Amma keken tsohuwa ne fa." Mma ta sauya magana. Ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Ranar Asabar da safe ta kwance kan keken daga teburinsa. Teburin ya rage da rami a tsakiya, ina hango siminti ta ciki. Ta naɗe kan da zanen da take zuwa biki da shi, ta sa a baho, ta ce in sa takalmi. A cikin trotro, ƙaramar motar hayar da ke kai mu cikin gari, yaron mota ya ce a sa bahon a baya. Ta ƙi. A cinya ta riƙe shi har muka isa, ƙafarta ɗaya tana ta karkaɗawa duk tsawon cunkoson.

Masu sayar da kekuna suna jere ne a wani layi kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Shagon farko na wani saurayi ne mai jin harshen Twi, kekunansa farare, suna walƙiya cikin leda. Ya kira Mma "Maame", wato uwa, ya ba ta kujera, ya ɗauko ƙyallen atamfa ya gudu a kansa da keke, har da yi mata fure. Mma ta bar shi ya gama. Sannan ta buɗe jaka ta fito da abin da ta zo da shi: guntun kusurwar tamfol, a ninke, da igiyar a ciki. Saurayin ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya yi dariya. Ya ce ba a gwada masa kaya da fatar giwa, in allura ta karye ta saya ke nan. Muka fita.

Haka muka yi ta shiga muna fita. Kowa ya rantse kekensa zai ci tamfol, babu wanda ya yarda a ba shi ya ci. Mma tana gaba da baho a ka, tana sauri kamar ana binta, ni ina baya ina kauce wa masu turin kaya. 'Yan dako mata suka yi ta miƙo hannu su ɗaukar mata, tana girgiza kai. Gumi ya jiƙa bayan rigarta, ya yi siffar ganye. Rana ta take. Na fara jin yunwa, ban faɗa ba.

Can ƙarshen layin, bayan wani mai sayar da zare, akwai wata rumfar kwano da ba ta da allo. Wani tsoho ne a ciki, mutumin Nijar, mai gyaran kekuna, yana sayar da waɗanda suka yi aiki a wasu hannuwa. Wurin yana warin man keke da shayi. Hausarsa mai nauyi ce, ba irin tamu ta Zongo da ke tsallakawa cikin Twi da Turanci ba. Ya amsa sallama, ya dubi bahon, ya dubi jakar.

"Malama, sauke kayan. Fito da abin da kika ɓoye a jaka, na ga tun daga can ana korar ki da shi."

Ya yaye buhu daga kan wani keke mai launin toka, ƙato, fentinsa ya goge daidai inda hannuwa ke dafawa. A ƙarƙashin teburinsa akwai inji kamar tulu a kwance. Tsohon ya karɓi guntun tamfol ɗin, ya ƙara ninka shi, ya tura. Na matsa kusa. Shi wannan keken, ƙafa biyu gare shi a wurin allura, ɗaya ta taka ɗaya ta ɗaga, kamar mai tafiya cikin taɓo, suna jan tamfol ɗin da kansu. Allurar ta yi kaurin tsinken tsire. Ta shige ninkin ta fita kamar cikin burodi.

Mma ta karɓa, ta ja ɗinkin da hannu biyu, ta sa haƙori ta ja. Bai motsa ba.

Sai tsohon ya kwance zanen da ke kan namu. Ya juya 'yar tayar da ke gefen keken da ɗan yatsa ɗaya, ya kai kunne kusa, ya daɗe yana saurare.

"Wa ke sa masa mai?"

"Ni ce, Baba."

"An gani." Ya shafa zanen zinariyar da ya fara dushewa a jikinsa. "Ki koma gida ki yi tunani. Abin da na karɓa ba ya kwana, gobe wata amarya za ta ɗauke shi."

"Na yi tunanin a mota."

"To, 'yar makaranta, ke ce shaida," ya ce da ni. Na sunkuyar da kai.

A wuyan tsohon keken akwai ƙyallen da Mma ta ɗaura tun kafin a haife ni, wanda take soke fil a jiki. Shi kaɗai ta kwance, da fil ɗinsa duka, ta sa a jaka. Tsohon yana ta yi mata bayanin feda, cewa wannan ba a kaɗa shi gaba da baya, taɓawa kawai ake yi. Tana cewa to, to, amma idonta yana kan baƙin keken da ya ɗora a kan kantar rumfarsa tsakanin waɗansu.

A kurar turi aka kawo sabon. A bakin lungunmu kura ta tsaya, don ba ta shiga, sai da maza suka ɗauke shi a hannu, suna karkata shi a kowace kwana, suna tsallake kwata. Muna isa ƙofar gida muka ji guɗa. Surukar Hajiya ta sauka a asibiti tun da hantsi, namiji. Mma ta tsaya, hannunta a kan keken. Ta ce barka, ta ce Allah ya raya. Wata ta ce, "Suna rana ita yau ke nan." Mma ta ce ta sani.

Keken ya shiga ɗaki da ƙyar, amma tamfol bai shiga ba. Babu yadda za a baza shi tsakanin gado da bango. Dole aka sake fito da keken tsakar gida, aka ja waya ta taga. Hajiya ta ce ba a taɓa mata wuri sai ta sauke tukwane, kuma kafin magariba a naɗe komai.

Mma ta yi aikin yadda ta saba yin atamfa. Ta auna, ta ja layi da alli, ta yanka. Sannan ta ɗaura ƙyallen fil a wuyan sabon keken, ta bi kowane haɗi tana soka fil kusa da kusa, don kada ya zame. Inda ya ƙi shiga ta danna da gindin cokali. Da ta zauna ɗinki, ƙafarta ta yi abin da ta saba shekara da shekaru, ta kaɗa. Keken ya yi gurnani ya kwasa da gudu, ya ja tamfol ya kauce wa layin alli kamu guda kafin ta ɗaga ƙafa. Matan gidan suka yi dariya. Ita ma ta yi, kaɗan. Ta ɗauko reza ta warware, kamar yadda take warware hannun riga, ta sake. Ya sake kaucewa. Ta sake warwarewa.

Tamfol ɗin yana da nauyi, in ya zubo ƙasa sai ya ja allura. Don haka da na dawo makaranta nakan shiga ƙarƙashinsa in tallafe shi da kai da hannuwa, ina matsawa yadda keken ke ja. A ciki akwai duhu da zafi da warin albasa. Akwai kuma ɗigon haske, ƙanana, a jere, duk inda fil ya shiga ya fita, da duk inda aka warware ɗinki. Suna sauka a hannuna kamar gero. Na ɗauka haka tamfol yake.

Wuta ma ba ta taimaka ba. Ana tsakiyar haɗi sai a ɗauke, injin ya yi shiru, Mma ta zauna hannu a kan tamfol tana kallon ƙwan fitilar da ta bari a kunne don ta san in an kawo. Ta tashi ta share inda ta share. A makaranta ni ma na kasa zama. Ina kallon gajimaren da ke tasowa daga wajen teku ta tagar aji, har malama ta tambaye ni ko wani nake jira.

Ranar Alhamis Kawu ya zo da ƙarafa, aka ɗora rufin farko a tsakar gida don a gani. Ya zauna daidai, kusurwa ta hau kusurwa. Kawu ya shiga ƙarƙashi yana murmushi, ya ɗaga kai. Murmushin ya tafi.

"Yaya, zo ki ga taurari da rana."

Mma ta shiga. Layi-layi na haske ne daga wannan gefe zuwa wancan.

"Rumfa na ce ki ɗinka mini, ba rariya ba. Wa ya ce ki sa masa fil?"

"Da me zan riƙe shi? Da haƙorinka?"

"Atamfa in kin cire fil ramin ya rufe. Wannan ruwa zai bi."

Hajiya ta taso ta leƙa, ta daɗe kanta a sama, ta koma wurin tukwanenta. Da ta yi faɗa da ya fi sauƙi. Kawu ya rage murya ya ce zai iya aro rufin leda wurin abokin sana'arsa, babu wanda zai sani. Mma ta dubi matan da ke bakin ƙofofinsu, kowa ta yi kamar tana wani aiki.

"Ka ba ni zuwa gobe," ta ce.

Da yamma ta gwada kyandir, tana goga shi a kan ramukan. Da aka naɗe tamfol sai kakin ya ɓare ya zube kamar gari. Ta shiga ɗaki ta tsaya gaban tsohon teburin mai rami. Ta fita. Ta sake shiga. Abincin da ta zuba mini ta manta ba ta sa miya ba, na ci haka.

Juma'a an tashe mu makaranta da wuri. Na tarar ta baza rufi na ƙarshe, tana ɗinki ba fil, fuskarta a ɗaure, don dai a gama. Hajiya ta zo wucewa da bahon ruwan karan dafi, jan ruwan da take rina shinkafarta da shi, ƙafarta ta harɗe da wayar keke. Rabin ruwan ya tafi kan tamfol. Ta yi salati, ta ce wayar nan sai ta kashe wani. Mma ta ba ta haƙuri, ta goge abin da zai gogu, aka ci gaba.

Na koma ƙarƙashi. Sai can, da jan wurin ya iso saman kaina, na ga hannuna babu ɗigon haske. Layin fil ya zo, ya ɓace cikin jiƙaƙƙen wurin, ya sake bayyana a ɗaya gefen. Na sa yatsa na shafa. Zaren tamfol ɗin ya kumbura, ya matse, ramukan sun haɗe baki.

Ban saba yi wa manya magana suna aiki ba, balle a ranar. Na miƙa hannu na ja bakin zanen Mma. Ta ce in bari. Na sake ja.

"Mene ne kuma?"

"Mma, shigo ki gani."

Ta yi tsaki, amma ta durƙusa ta shigo. Muka zauna mu biyu cikin duhun, kafaɗarta tana taɓa tawa, tana haki. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce in ɗauko buta in zuba a kan wancan layin, ita za ta tsaya a ciki. Na zuba. Da farko ya ɗiga mata a fuska, na ji ta tana tofarwa. Na tsaya da buta a hannu, ina sauya ƙafa. Tofarwar ta tsaya. Can ta ce, "Ƙara a na gaba."

Famfo bai kawo ruwa ba a makon. Ruwan da ke gidan shi ne jarkokin da Hajiya ta saya ta jera don girkin suna. Mma ta je ta durƙusa gabanta ta yi bayani. Hajiya ta dubi jarkokin, ta dubi sama inda hadari ke haɗuwa yana watsewa tun safe.

"Ruwan girkina za ki ba tsumma ya sha?"

"Zan sa a cika miki su kafin magariba, Hajiya."

"Ku ɗauka. In ya ɗiga gobe, ke za ki tsaya kan liman da lema."

Matan gidan suka fito da kwanuka da kofuna, aka bi kowane haɗi ana zubawa ana shafawa da tafin hannu. Kawu ya shigo ya tarar da mu jiƙe sharkaf.

"Mai jego tana ɗaki, ku kuna yi wa tamfol wankan jego?"

"Ɗauki jarka ka je ka ciko, Auta," in ji Mma. Ya ɗauka.

Ruwan sama ya jira har malamai suka zauna. Bayan asuba aka tare titi, aka kafa rumfunan, aka jera kujeru, aka fara rabon goro. Liman ya ɗaga hannu ke nan iska ta taso, sannan ruwan ya sauko gaba ɗaya. Mata suna cikin gida, amma Mma ta fito bakin lungu ta tsaya, mayafinta yana jiƙewa, ni ina bayanta. Ba ta kallon mutane. Haɗin ɗinki take bi da ido, ɗaya bayan ɗaya. Ruwa yana gangarowa ta gefuna yana zuba cikin kwata. Jan tabon karan dafi yana daidai saman liman, a bushe ta ciki.

Wuri ɗaya ne ya ɗiga, inda keken ya fara kwasa da gudu, inda reza ta bi sau biyu ta ci zaren. Kawu ya gani kafin kowa. Ya janye kujerar da ke wurin kamar mai gyara layi, ya tsaya a gurbinta, ya ɗaga hannu yana amin. Ruwan yana sauka a hularsa, yana bin wuyansa, bai matsa ba har aka shafa.

Da aka shigo da rago Hajiya ta wuce ta gaban Mma. "Rawani bai jiƙe ba," ta ce. "Hular ƙaninki ce kawai, ita kuma ba ni na gayyace ta ba."

Da azahar, ana shirin taron mata, aka aiko daga ɗakin mai jego da rigar leshi. Ta matse ta a ƙirji, a ɗan buɗa mata, kamar yadda aka saba aiko wa Mma kowace riga a gidan. Mma ta karɓa ta nufi sabon keken da ke rufe da buhu a gindin bango. Ta ɗaga buhun, ta dubi allurar, ta dubi leshin, ta mayar da buhun.

Ta shiga ɗaki ta zauna bakin taga, gaban teburin mai rami. Ta zura zare a allurar hannu, ta ce in riƙe mata ƙyallen fil. Tana ɗinki, ƙafarta ta sami tsohuwar fedar ta fara kaɗawa, ƙafar ƙarfen da ke ƙasa tana juyawa ba ta jan komai. Daga waje ana kiran a kawo riga, mai jego tana jira. Mma ta ce a ce tana zuwa.